Neman shawara: rulman tsohon injin zarto sun kafe

Kafintan Zango:
Assalamu alaikum, iyayena da ƴan'uwana na wannan zaure. Na sayi wani tsohon injin zarto mai ɗamara daga hannun magadan wani dattijon kafinta a Birni, kuma ina so in maido da shi bakin aiki kafin damina. Ƙirar Faransa ne, gangar jikinsa da wilinsa biyu duk ƙarfen zubi ne, faɗin kowane wili milimita 700. Ya daɗe a ajiye ƙarƙashin rumfar kwano mai yoyo, saboda haka tsatsa ta ci shi, amma motarsa ta lantarki tana tashi lafiya. Matsalata rulma ce, wato zobban ƙarfe masu ƴaƴa a tsakaninsu da ke sa wili juyawa sumul, sama da ƙasa. A wilin sama, ragar da ke riƙe ƴaƴan rulman ta riga ta ruɓe, don haka da muka sauke wilin sai ƴaƴan suka zube, zoben ciki na rulman baya ya tsaya a jikin aks, wato sandar ƙarfen da wilin ke hawa, zobban waje biyu kuma suka tsaya cikin cibiyar wilin, kuma akwai dakali a bayansu wanda ya rufe su gaba ɗaya, babu inda za a ɗora ƙarfe a buga. A ƙasa kuwa aks ɗin yana kwance cikin gidajen rulma biyu, na buɗe murfinsu, na sa ƙugiyar cire rulma mai ƙafa uku, na ɗaure har ƙafar ƙugiyar ta fara lanƙwashewa, rulman bai motsa ba. Wace hanya za ku ba ni?

Makanikin Garin Malam:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abin da muke yi a gareji shi ne wuta. Ka jiƙa shi da gazuwal ya kwana, da safe ka kawo shalimo, wato abin hura wutar gas, ka gasa zoben, ka sa guduma mai nauyi. Ban taɓa ganin rulman da ya gagari wuta da guduma ba, ko a gatarin babbar mota.

Baba Mai Tur:
Ɗana na Zango, kafin ka ɗauki shawarar kowa, har da tawa, ka ajiye guduma. Abin da makaniki ya faɗa gaskiya ne a wurin aikinsa, domin cibiyar ƙafar babbar mota an yi ta ne don ta sha duka a hanya. Wilin injin zarto ba haka yake ba. Ƙarfen zubi ne mai siraran hannuwa tsakanin cibiya da baki, kuma ƙarfen zubi ba ya lanƙwashewa ya yi maka gargaɗi, tsagewa yake yi lokaci ɗaya. Idan ka gasa cibiyar ita kaɗai da shalimo alhali bakin wilin yana da sanyi, cibiyar za ta nemi buɗewa, hannuwan su hana ta, sai ka ji ƙara. Rulma abu ne da za ka samu a Kasuwar Dole ta nan Damagaram, in babu a nan ka aika Kano a kawo maka. Wili mai milimita 700 na wannan injin kuwa ba za ka same shi a shago ba, kuma wilin da aka yi wa walda da wuya ya koma daidai a ma'auni, injin yana iya yin ta rawa. Ka wanke komai tukuna da gazuwal da buroshin waya har ƙarfe ya fito fili, ka karanto mana lambobin da ke jikin zobban, ka kuma auna kaurin aks ɗin sama da na ƙasa.

Kafintan Zango:
Na gode, Baba. Na wanke gwargwadon iko. A zoben wilin sama an rubuta 6206. A na ƙasa rubutun ya dushe, amma na ga 1207 da harafin K. Aks ɗin sama milimita 30 ne, na ƙasa shi ma milimita 30 ne a inda na iya sa ma'auni. Giris ɗin da ke cikin gidajen ƙasa ya bushe ya haɗu da garin katako ya zama dutse, ban gama kankare shi ba.

Malamar Fasaha:
Malam, lambobin nan sun ba da amsar rabin tambayarka. A irin waɗannan rulma, idan ka ɗauki lambobi biyu na ƙarshe, daga 04 zuwa sama, ka ninka su da 5, za ka samu faɗin ramin ciki a milimita. Saboda haka 6206 raminsa 30 ne, wajensa 62, kaurinsa 16, kuma ya dace da aks ɗinka na sama. Amma 1207 raminsa 35 ne, wajensa 72, kaurinsa 17, alhali ka ce aks ɗin ƙasa 30 ne. Akwai milimita 5 da wani abu ya cike. Harafin K yana nufin ramin rulman ba miƙaƙƙe ba ne, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, da gangara ta 1 cikin 12. Irin wannan rulma ana ɗora shi ne a kan manshon, wato bututun ƙarfe mai tsaga a tsawonsa, wanda cikinsa miƙaƙƙe ne, wajensa kuma mai gangara. Na 1207 K lambarsa H207, kuma an yi shi daidai don aks mai milimita 30. A siririn bakinsa akwai zare, da wani noti mai zagaye mai tsaga huɗu, da rondel mai haƙora wanda ake lanƙwasa haƙorinsa ɗaya cikin tsagar notin don kada ya kwance. Ina da yaƙinin cewa notin yana nan binne cikin busasshen giris ɗin da ka ambata. Idan ƙugiyarka ta ja rulman zuwa wajen notin, notin ne ya tare shi, idan kuma ta ja shi zuwa ɗaya gefen, to hawa gangarar ya ƙara yi, ya ƙara matse aks ɗin. Ko ta wace fuska, ƙarfi ba zai fitar da shi ba.

Makanikin Garin Malam:
Malama, Allah ya ƙara ilimi. Mu a mota ba mu cika haɗuwa da irin wannan ɗauri ba, amma yanzu na tuna na gan shi a injin niƙa. To ta yaya ake kwance shi?

Malamar Fasaha:
Amin, Malam. Za a kankare giris ɗin har notin ya bayyana, a nemo haƙorin rondel ɗin da aka lanƙwasa, a miƙar da shi da ƙaramin sukudireba. Sai a kwance notin kamar zagaye biyu ko uku, kada a cire shi gaba ɗaya, domin shi zai kare zaren kuma ya tare rulman idan ya saki da ƙarfi. Daga nan a ɗora sandar tagulla a kan zoben ciki ta gefen da manshon ɗin ya fi kauri, a riƙa bugawa a hankali ana zagayawa, ana tura rulman zuwa wajen notin. Da zarar ya sauko daga gangarar ko da rabin milimita ne, komai zai saki. Idan manshon ɗin kansa ya manne wa aks saboda tsatsa, a cusa bakin sukudireba cikin tsagarsa a buɗa shi kaɗan, a zuba gazuwal. Kafin a taɓa komai kuma, a yi alama a jikin aks ɗin inda kowane manshon yake zaune, saboda irin wannan ɗauri ba shi da dakalin da zai nuna maka mazauninsa idan ka zo mayarwa, kuma idan ya goce, wilin ƙasa ba zai yi layi ɗaya da na sama ba.

Kafintan Zango:
Malama, haka abin yake. Na samu notin da rondel ɗin a gidajen biyu. Na yi alama da tsinin ƙarfe, na auna nisan kowanne daga bakin aks na rubuta a bango. Na farko ya saki da bugu kaɗan, na biyun sai da gazuwal ya ratsa shi tukuna. Aks ɗin ƙasa ya fito lafiya, tsatsa ce kawai a samansa. Saura wilin sama.

Mai Walda na Sabon Gari:
Yaya, wannan aikina ne, ka kawo wilin ko in zo da injina. Zoben waje da ya maƙale cikin rami mai dakali, walda ce maganinsa. Ana zuba layin walda a cikin kwarin da ƴaƴan rulman suke gudu a kai, a zagaye shi. Ƙarfen waldar yana tsukewa idan ya huce, sai ya jawo zoben zuwa ciki, zoben ya ragu kaɗan daga faɗinsa. Sau da yawa idan ka kifa wilin zoben da kansa yake faɗowa.

Makanikin Garin Malam:
A nan ina da magana. Ɗazu Baba ya hana ni shalimo saboda zafi, yanzu kuma ana maganar walda, wadda zafinta ya fi na shalimo nesa ba kusa ba. Idan zafi ke tsaga ƙarfen zubi, me ya sa walda ba za ta tsaga shi ba?

Baba Mai Tur:
Tambayarka tana kan hanya, kuma gara da ka yi ta. Bambancin yana wurin da zafin ya sauka da tsawon lokacin da ya ɗauka. Shalimo yana ɗaukar mintuna yana zuba wuta a kan cibiyar kanta, zafin ya ratsa ƙarfen zubin. Walda kuwa a kan zoben take sauka, na ɗan lokaci kaɗan, kuma abin da muke nema shi ne zoben ya yi zafi ya nemi buɗewa, cibiyar mai sanyi ta hana shi, ya danne kansa, sa'an nan idan ya huce ya koma ƙasa da faɗinsa na farko. Sanyin cibiyar yana cikin abin da ke sa dabarar ta yi aiki. Amma akwai sharuɗɗa, kuma ina roƙon ɗana mai walda ya kiyaye su. Ya yi amfani da siririn bagat, wato sandar walda, na milimita 2.5, ya zuba gajerun layuka, ya tsaya, ya sa hannu a bayan cibiyar, idan hannu ba ya iya zama sai ya jira. Wutar kada ta taɓa bangon ramin ko dakalin, domin ɗigo ɗaya na walda a kan ƙarfen zubi yana taurare wurin har tur, wato injin fere ƙarfe, ma ya sha wahalar yanka shi. A rufe sauran ramin da guntun kwano saboda tartsatsi. Kuma kada kowa ya zuba ruwa don a yi sauri, a bar shi ya huce da kansa a inuwa. Ni da kaina na fi son a fara gwada hanya mai sanyi idan akwai ta: a duba dakalin da kyau, domin wasu masu ƙera injuna suna barin tsaga biyu a jikinsa daidai don a sa ƙarfe a turo zoben daga baya, kuma datti yakan toshe su.

Mai Walda na Sabon Gari:
Na karɓi sharuɗɗan, Baba. Zan ƙara guda biyu. A wanke gazuwal ɗin da aka jiƙa wilin da shi, a bar shi ya bushe, kuma a fitar da wilin daga shagon kafinta zuwa fili, saboda tartsatsi ɗaya cikin garin katako yana iya kwana yana ci a ɓoye. Sa'an nan wayar mas, wato wayar injin walda da ake kamawa a jikin ƙarfen da ake aiki a kai, a maƙala ta kusa da wurin aikin, a kan wilin da aka riga aka sauke. Duk wanda ya yi walda a jikin inji ya bar wuta ta ratsa ta cikin rulma mai kyau, ya ƙona masa kwari, ko da bai gani da ido ba a ranar.

Kafintan Zango:
Na duba dakalin, Baba, babu tsaga. Zan kai wilin Sabon Gari. To zoben ciki da ya tsaya a aks ɗin sama fa? Yana manne da gindin aks ɗin, ƙugiya ba ta samun wurin kamawa.

Baba Mai Tur:
Wannan ka sa injin gurza da siririn faifai, ka yanka zoben a karkace, domin faifan ya samu shiga ba tare da ya ci gindin aks ɗin ba. Kada ka yanke shi har ƙasa. Idan ka ci kusan kashi uku cikin huɗu na kaurinsa, ka tsaya, ka ɗora kurfi a cikin tsagar ka buga sau ɗaya da ƙarfi. Ƙarfen rulma mai tauri ne ƙwarai, ba ya jurewa, zai fashe ya saki. Saboda wannan taurin ne kuma nake gargaɗinka: ɓarɓashinsa yana tashi da kaifi, ka sa tabarau, ka rufa tsumma a kan zoben, ka kori yaran shago daga wurin. Na san mutum a garin nan da ya rasa ido ɗaya a irin wannan aiki.

Akwai abin da nake so ka lura da shi idan zoben ya fita. A wilin sama aks ɗin a tsaye yake, wilin ne ke juyawa da zobban waje. Saboda haka ƙa'ida ita ce zoben waje ya shiga cibiya da matsi, zoben ciki kuma ya shiga aks da turin hannu ko ɗan bugu kaɗan. Tsatsa ce kawai ta riƙe wannan zoben, ba ƙira ba. Idan ka goge aks ɗin da lallausar takardar goge ƙarfe da ɗan mai, ka tsaya da zarar tsatsar ta tafi. Wanda ya ci gaba da gogewa don ya ga ƙyalli yana rage ƙarfen da ba zai dawo ba.

Alhaji Mai Kayan Gyara:
Tunda an zo maganar saye, bari in sa baki. Ɗana, 6206 ba ya wahalar samu, yana cikin rulman da aka fi nema. Ka nemi mai 2RS, wato mai murfin roba gefe biyu, wanda ya zo da giris ɗinsa a ciki. Mai ZZ murfin ƙarfe ne, akwai ƴar kafa tsakaninsa da zoben ciki, kuma garin katako da ƙurar hunturu ta Damagaram ba sa buƙatar kafar da ta fi wannan. Shi kuwa 1207 K da manshon ɗinsa sai an nema, wataƙila sai Kano. Idan ka ga ya yi wuya, ai akwai 6306, raminsa 30, wajensa 72, zai shiga aks ɗin kai tsaye ya kuma cika gidan. Sa'an nan ka yi hattara da jabu. Ana buga sunayen manyan kamfanoni irin su SKF da FAG da NSK a kan kayan da ba nasu ba, kwali ya yi kyau, abin ciki kuwa ba ya daɗewa. Idan farashi ya yi arha fiye da hankali, ka bar shi.

Malamar Fasaha:
Alhaji, ranka ya daɗe, na yarda da maganar 2RS da ta jabu, amma ina roƙon a bar maganar 6306. Wanda ya ƙera injin bai sa 1207 a ƙasa don ado ba. Rulma ne mai layi biyu na ƴaƴa, kuma kwarin zoben wajensa a gantsare yake, don haka zoben ciki yana iya karkata fiye da digiri 2 ba tare da ya takura ba. Injiniya Sven Wingquist na ƙasar Suwidin ne ya ƙirƙiro irinsa a 1907, saboda matsalar aks ɗin da gidajensa ba su yi layi ɗaya ba, kuma a kansa aka kafa SKF a shekarar. Gidaje biyu da aka ɗaure daban-daban a jikin gangar da ta shekara da yawa ba za su taɓa yin layi ɗaya cif ba, ga kuma jan da ɗamarar zarto da bel suke yi wa aks ɗin. Rulma mai layi ɗaya irin 6306 ba ya jure karkata sai ƴar ƙanƙanuwa, zai yi zafi ya mutu da wuri. Bayan haka, kaurinsa 19 ne ba 17 ba, kuma aks ɗin miƙaƙƙe ne ba dakali, babu abin da zai riƙe shi a wurinsa. Jiran saƙo daga Kano ya fi.

Alhaji Mai Kayan Gyara:
Malama ta fi ni gaskiya a nan. Zan tambaya masa a Kano, tare da noti KM7 da rondel MB7 sababbi, tunda haƙorin da aka miƙar sau ɗaya ba a sake dogara da shi.

Kafintan Zango:
Alhamdu lillahi, zobban wilin sama sun fita da walda kamar yadda aka bayyana, ɗaya ya faɗo da kansa, ɗayan an taɓa shi kaɗan. Ramin bai ji rauni ba. Zoben aks ma ya fashe a bugun farko. Kaya sun iso. Yanzu ina son bayanin mayarwa, don kada in ɓata sababbin.

Baba Mai Tur:
Ƙa'ida ɗaya ce ke sama da sauran: ƙarfin turi ya sauka a kan zoben da ake cusawa, kada ya bi ta cikin ƴaƴan. Idan kana sa 6206 cikin cibiya, zoben waje za ka tura. Wanda ya bugi zoben ciki a wannan hali, ƴaƴan za su yi ƙananan lotsa a kwarin, rulman ya fara kuka tun ranar farko. Kada ma ka yi amfani da guduma. Ka samu dogon bol mai zare da faranta biyu masu kauri, da guntun bututun da bakinsa ya yi daidai da zoben waje, ka ratsa bol ɗin ta tsakiya, ka riƙa ɗaure noti a hankali kana duba cewa rulman yana shiga a miƙe. Idan ya karkace tun farko, ka fitar da shi ka sake, kada ka ce zai gyaru a hanya. Kuma kada ka manta da bututun da ke tsakanin zobban ciki biyu, ka sa shi kafin rulma na biyu, domin in babu shi notin aks zai matse rulman biyu ta gefe.

Rana ma za ta taimake ka. Ka shanya wilin a fili tun hantsi har azahar, zai ɗumama gaba ɗaya, cibiya da baki tare, ba irin zafin shalimo na wuri ɗaya ba. Rulman kuma ka ƙulle su cikin leda ka ba mai ƙanƙara ya ajiye maka. Ƙarfe yana buɗewa kusan milimita 0.012 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya, don haka a faɗin milimita 62, bambancin digiri 50 zai ba ka fiye da milimita 0.03, kuma matsin da ke tsakaninsu bai cika wuce haka ba. Ka goge raɓar da za ta taru a jikinsu, ka shafa ɗan mai a ramin, ka yi sauri.

Makanikin Garin Malam:
Mu muna dafa rulma cikin baƙin mai kafin mu sa shi a aks. Ba za a yi wa na ƙasa haka ba?

Malamar Fasaha:
Ba a buƙata, Malam, domin gangarar manshon ita ke yin aikin da zafi yake yi. Inda ake dafawa ma, kada a wuce digiri 120, kuma mai murfin roba ba a tsoma shi cikin mai sam. Ga yadda za a ɗaure 1207 K. A mayar da manshon a kan alamar da aka yi, a ɗora rulman, a fara ɗaure notin ba tare da rondel ba. Yayin da rulman ke hawa gangara, zoben ciki yana buɗewa, sararin da ke tsakanin ƴaƴan da kwari yana raguwa. A riƙa ɗaurewa kaɗan-kaɗan ana gwada zoben waje da hannu: ya riƙa juyawa sumul, amma idan an karkata shi gefe a ji ɗan nauyi. Nan ne wurin tsayawa. Idan ya ƙi karkata, an wuce, a sassauta a sake. Sai a cire notin, a sa rondel, a mayar da notin, a lanƙwasa haƙorin da ya zo daidai da tsaga, kuma idan babu wanda ya zo daidai a ƙara ɗaurewa kaɗan, kada a kwance baya. A duba gidajen kuma: ɗaya ne ya kamata ya riƙe zoben waje ta gefe biyu, ɗayan ya bar masa ƴar hanya ta motsi idan aks ya yi zafi ya miƙe. Giris na litiyom mai lamba 2 ya isa, a cika rulman kansa, gidan kuma daga kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi. Cika shi maƙil zafi yake kawowa.

Kafintan Zango:
An haɗa komai jiya da yamma. Na juya wilin biyu da hannu, babu kuka, babu girgiza. Na tayar da injin ba tare da ɗamara ba, gidan da ke kusa da fuli ya yi ɗumi fiye da ɗayan, amma hannu yana zama a kansa. Abin da ya rage, zobban ulu da ke bakin gidajen ƙasa sun ruɓe, na mayar da murfin haka nan.

Baba Mai Tur:
Ɗumin gidan fuli ba abin damuwa ba ne muddin hannu na zama, shi ke ɗauke da jan bel, kuma sabon giris yakan yi ɗumi kafin ya samu wurinsa. Ka duba kada bel ɗin ya yi tsauri da yawa. Amma kada ka yanka ko katako ɗaya kafin a maye zobban ulun nan, domin 1207 a buɗe yake, su kaɗai ne tsakaninsa da garin katako, kuma wilin ƙasa ne duk garin yake zubo wa. Ka auno faɗin kwarin da zurfinsa, ka zo shagona gobe bayan la'asar, ina da ulu mai kauri, mu yanka su, mu jiƙa su da mai kafin a sa.